Rawar Buhu Ta Sami Kaka

"Shekara nawa ka ce?" Wakili ya tambaya, yana gyara tabarau.

"Huɗu, Baba," in ji Sagir.

"Huɗu? Ba ta yi ba. Kwamiti ba shi karɓar rawar da ba ta kai shekara ɗari ba."

Sagir ɗan lodi ne a tashar Kaura Namoda, kuma shi ya ƙago Rawar Buhu. Wata rana yana hawa katako da buhun gero zai jefa a babbar mota, ƙafarsa ta gurɗe. Ya ƙarasa da ɗingishi, kafaɗa a karkace, abokai suna buga masa jarka suna dariya. Shi ke nan rawa ta samu. A bayan tasha suke taka ta, don duk bikin da suka kai ta sai an kore su. Wakili da kansa ya taɓa bin su da sanda, kuma saboda ita ya hana Sagir 'yarsa Firdausi, wadda in ta yi murmushi Sagir kan manta akwai buhu a kansa.

Sai bidiyon rawar ya bazu a wayoyi. Mutanen Shinkafi suka ce tasu ce, na Zurmi suka ce ƙarya ne. Cikin gaggawa aka kafa kwamitin raya al'adu, Wakili ne shugaba.

"Mun yi bincike," in ji Wakili. "Kakana Mamuda shi ya fara taka ta, ran da ya dawo yaƙi da kibiya a ƙafa. Wanga ɗingishi na jarumta ne."

"Baba, targaɗe ne. Har yau in anka yi sanyi..."

"Kibiya ce. An riga an rubuta."

"Tau, katakon hwa? Akwai mota a zamaninshi?"

"Dutse ya hau. Kuma mun cire jarka mun sa kalangu. Buhun ma auduga za a zuba, kada manyan baƙi su zaci wahala ake."

Ya turo masa takarda. "Sa hannu, ka shaida gado ka tarar. Ɗan rawa ba ni ba shi ɗiyata. Amma mai riƙon gadon kakana, ai ɗan gida ne."

Sagir ya duba takardar sama da ƙasa, babu sunansa ko'ina. Duk duniya wannan ne kaɗai abin da ya yi da kansa, da ciwon ƙafarsa.

Sai ya hango Firdausi ta taga, ta kawo wa babanta abinci. Ta waiga, ta ga ba kowa, ta karkace kafaɗa, ta ratsa harabar ofishin kwamitin da ɗan ɗingishi, kwanon a ka, ko sau ɗaya ba ta kuskure taku ba.

Sagir ya ɗauki biro.

"Allah ya jiƙan Mamuda, ya sha kibiya," ya ce da ƙarfi. "A rubuta tashi ce. Ni a ba ni Firdausi. Rawa kuwa, gobe in anka fara lodin dawa zan ƙago wata."