Motar Da Ta Ƙi Mutuwa A Burtali

Mutuwar saniyar ta taɓa Solomon, amma ba ita ce ta hana shi cin tuwo ba. Maganar da mai saniyar, Jumare, wanda ke kiransa Sulemanu, ya jefa masa ce a tsakiyar hanya, a gaban mutanen da ya ɗauko: "Ba ka kashe ba, Sulemanu."

Ya kashe mana! Makullin ma a tafin hannunsa yake a lokacin.

Motar wata tsohuwar a-kori-kura ce da ya saya a hannun Baturen gandun daji da ya tattara ya koma ƙasarsu bayan samun 'yancin kai. Da ita yake jigilar doya da 'yan kasuwa tsakanin Kusasu da Birnin Gwari. Tun damina ta tsiro da wani mugun hali: a murɗa makulli a zare, ita kuwa ta ci gaba da kakari tana girgiza, kamar tsohon da aka katse wa magana a taro. Solomon ya mai da abin raha. Sai ya danna kuloci, ya sa giya, ya saki, ta yi tsalle ɗaya ta mutu, fasinjoji su yi ta dariya.

To, a hanyar nan akwai inda burtali ya ratsa, kuma duk direban da ya san daji ya san ƙa'ida. In garke na tsallakawa, ka tsaya, ka kashe inji, ka jira, don shanun wannan dajin ba su saba da ƙarar mota ba. Ran nan garken Jumare ne. Solomon ya tsaya, ya zare makulli, mota ta ce ba ta san zance ba. Dabarar giya ba ta yiwuwa, ga maruƙa a bakin hancinta. Yana cikin raba ido, salansa ta saki wata ƙara kamar bindigar maharba. Garke ya watse. Wata farar saniya mai tsohon ciki ta afka kwazazzabo ta karye, dole aka sa mata wuƙa.

Jumare yana bayan garke, kunnensa kawai ya ji. Kuma wa zai gaya wa Bafulatani cewa ƙarfe na iya gardama da mai shi? Solomon ya waiwayi fasinjoji su ba da shaida. Mutanen da suka sha dariyar motar nan tun damina, kowa ya ce shi shanu yake kallo. Marasa kunya!

Da wani ne ya faɗa, da Solomon ya tofar ya wuce. Amma Jumare ne. Tun zamanin iyayensu, in an cire dawa, a gonar su Solomon rugar ke sauka, shanu su ci kara su bar taki. Tare suka yi ƙuruciya a bakin rafi ɗaya. Yanzu Mairo matar Jumare ta daina biyowa da ƙwaryar nono, har an fara cewa bana can wajen garin Gwaska za su sauka. Abotar da aka gada tana neman tsinkewa, wai don shi maƙaryaci ne.

Sai ya yanke shawara a ransa. Zai kai motar har ruga, ya zare makulli a gaban Jumare, ya danƙa masa, ya bar ta ta yi rashin mutuncinta kowa ya gani. Bai gaya wa kowa ba, don fushi ya sa ko matarsa Asibi ba ya amsa wa magana sosai. Ya ajiye motar a gindin tsamiya, ya tafi gayyar yankan dawa a gonar wansa, ya kwana can.

Da ya dawo da hantsi, sai ya hango bonet a buɗe, ga ƙafafun Idrisu bakanike, maƙwabcinsa, sun leƙo daga ƙarƙashi. Asibi na tsaye tana murmushi.

"Baban Helen, sannu da zuwa," ta ce. "Na gaji da ganinka kana rama saboda wannan tsinanniyar. Zo ka gani."

Idrisu ya fito yana goge hannu, ya miƙo masa gwangwani cike da baƙin gari. "Yaya Solomon, ga ɓarawon. Na buɗe kan inji na kankaro shi. Wannan baƙin in ya yi zafi ja yake yi kamar garwashi, shi ke kunna mai ko babu makulli. Ga silo, wato gudun inji in mota na tsaye, ya yi sama, na sassauta. Man garwa da kake saye a hanya kuwa, da kananzir a ciki, na zubar."

Ya leƙa ya tayar da ita, ya murɗa makulli. Ɗif. Ko tari ba ta yi ba.

Solomon ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a ka. "Wa ya aike ku?" ya daka tsawa. "Wa ya ce ku taɓa min mota? Shaidata ɗaya tak a duniya, ita kuka kankare kuka zuba a gwangwani! Tun damina take wannan hauka babu wanda ya ce uffan, sai yau kowa ya zama mai taimako?"

"Ni na sani?" Asibi ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Ka gaya min ne? Kuma tun damina nake ce maka ka kai ta wajen Idrisu, kana ce min ba ta son hutu ne."

Da Idrisu ya fahimci inda aka dosa, sai ya sosa ƙeya. "Abu mai sauƙi, Yaya. In murɗa silo ya hau, mu ɗan tsiyaya kananzir a tanki, ka ba ta wuta har ruga. Wallahi za ta yi masa rawa."

"Au, in ɗauki ƙarya in je in wanke kaina daga ƙarya?" Solomon ya ce. "Kai ma ka mai da ni abin da Jumare ya ce ke nan. Rufe min bonet!"

Ya fizgi gwangwanin ya ajiye a kujera, ya kama hanyar daji. Motar kuwa, don wulaƙanci, ba ta taɓa tafiya mai daɗi irin ta ranar ba. Duk hanya yana zaginta, yana zagin mai sayar da man garwa, yana shirya maganar da zai faɗa.

Ya iske an fara kwance bukkoki, Mairo na ɗaure ƙore a kan jaki. Jumare na jingine da sanda, bai ko matso ba. Solomon ya tsaya nesa da maruƙa, ya murɗa makulli. Inji ya mutu nan take, shanu ko kai ba su ɗaga ba.

Ya fito da gwangwanin, ya zayyana komai: baƙin garin, kananzir ɗin, aikin Idrisu, har dabarar giyar da yake yi mata tun damina. "Ka san ni, Jumare. Na rantse da Allah makulli na hannuna ran nan. Gyara ta aka yi yau, shi ya sa ka ji ta yi shiru."

Jumare ya tsoma yatsa a gwangwanin, ya murza baƙin, ya daɗe yana kallo.

"Na yarda, Sulemanu," ya ce a hankali. "Ka kashe."

Solomon ya saki numfashi, har ya miƙa hannu. Jumare bai karɓa ba. Ya dubi motar, ya dubi farar fatar da aka shanya a bayan bukka.

"Tun damina, ka ce? Ashe dai tana gyaruwa."

Ya goge yatsansa a jikin riga, ya juya ya kira shanunsa.