Hoto a Gonar Na-Kwance

Da aka rufe hanyoyi saboda annoba, tumatirin Baba ya nuna jawur, babu motar da za ta kai shi kasuwa. Auta, 'yarsa, na ji tana gani ya ruɓe. Baba kuwa bai bar shi a nan ba. Ya tuge shukar, ya haƙa rami ya binne, ya ƙone sauran, don kada cuta ta zauna a ƙasar. Ita ta riƙa tura baro, ƙudaje na raka ta har ƙofar gida.

Sai aka ce gwamnati za ta biya manoman da suka yi asara. In tallafin bai zo ba, injin ban-ruwa za a sayar a ci abinci, kuma shi ke nan an yi sallama da noman rani. Mai saye ma har ya zo ya ƙwanƙwasa tankin ya tafi.

Malamin gona ya iso a babur, takunkumi a haɓa, waya a hannu. Ya dubi gonar, ya gan ta tas.

"Baba, ina asarar?"

"Ga ta nan ƙarƙashin ƙafarka."

"Ai waya ba ta ganin ƙarƙashin ƙasa. Hoto aka ce, manomi tsaye cikin abin da ya lalace. Wannan gona taka ko tabarma a shimfiɗa a kwanta."

"To in tono maka?"

"Ni dai abin da aka ce ke nan."

Auta ta buɗe baki, maganar ta maƙale, kamar kullum.

Tsallaken iyaka gonar Na-Kwance ce, maƙwabcinsu, mutumin da rana ce ke tashinsa. Ko ganye ɗaya bai ɗauke ba. Tumatirinsa na nan ya narke, tsutsa na sha'aninta, wari har bakin titi. Yau kuwa layi ake a gonar. Duk wanda ya share tasa ya zo aron ruɓa, malamin gona na ɗaukar hoto yana kau da kai.

"Yaya, bismilla!" in ji Na-Kwance daga gindin bishiya. "Kun sha yi mini dariya, yau ga ranata. Haba, ba zan karɓi komai a hannunka ba. Injin nan naka kawai, in rani ya kama, ni zan fara ban-ruwa da shi."

"Baba, mu tafi," Auta ta faɗa can ƙasa-ƙasa.

Baba ya daɗe yana kallon wajen ramin da suka binne wahalarsu. Sannan ya tsallaka. Takalminsa ya nutse cikin caɓin.

"Cire hular," in ji malamin gona. "Ɗan sunkuya. Ɗebo a hannu. Baba, ɓata fuska mana, ka yi kamar wanda ya yi asara!"

Wasu a layi suka yi dariya. Auta ta damƙe bakin mayafinta har yatsunta suka yi ciwo. Mutumin da ya yi ta binne guminsa bai ce uffan ba, shi ake koya wa baƙin ciki.

"Yawwa, ya shiga. Za a biya ka. Na gaba!"

Baba ya fito hannuwa a ware, ruwan ruɓa na ɗiga. A bakin iyaka ya tsaya cak, ya tuɓe takalman ya bar su can.

"Auta, kawo ruwa. Ba zan kai wa ƙasata wannan ƙazantar ba."

Tana zuba masa, sai Na-Kwance ya ɗaga murya.

"Yaya, in za a kawo injin, a cika shi da mai!"

Auta ta miƙe. Muryar da ta fito ita kanta ba ta san tana da ita ba.

"Kawu, injin ba ya zuwa da ƙafarsa. Ka tashi ka zo ka ɗauka, mu gani!"

Baba bai tsawata mata ba, ya dai miƙo ɗaya hannun.