Bututun Dokta Abena

Shekara goma sha tara Gafaru yana goge ƙarfe a wani shago a unguwar Soundview, amma bai taɓa son aiki kamar bututun nan ba. Dokta Abena ce ta kawo shi, wata masaniya 'yar Kumasi. Ta ce a wurin bincikensu suna sanyaya wasu ƙwayoyi da ake kira nutron, sanyin da ƙanƙara ma wuta ce a gabansa, har su rage gudu su koma kamar mutum mai sassarfa. Ta cikin bututun za su bi. In cikinsa ya yi sumul sai su wuce suna tsalle a jikin bango, in akwai maiƙo ko ɗis, ya haɗiye su.

Sati uku Gafaru ya yi a kansa. Ko a jirgin ƙasa yakan lumshe ido ya hango su, ƙanana, suna rawar ɗari, suna bin hanyar da ya share musu.

Bayan wata guda aka dawo da bututun, wai ƙwayoyin suna mutuwa a hanya. Gafaru ya shinshina murfinsa, ya ji turaren Umar Farouk, shugaban ma'aikata. Nan ya gane: mutumin ya shafa turaren Juma'a, ya zura hannu ba safa don ya ji santsi, ya bar maiƙo a ciki. Amma Umar Farouk ya riga ya gaya wa mai shago, har da mutanen masallacin titin Grand Concourse, cewa hannun tsoho Gafaru ya fara rawa.

"Baba, ka huta," in ji shi a gaban kowa. "Tsufa ba laifi ba ne. Ni zan gyara."

"To, oga. Ga benci."

Wanki kawai bututun yake bukata, Gafaru ya sani. Sai dai wanda ya ce gugar ce ba ta yi ba, dole ya sake guga. Gafaru ya jawo kujera ya zauna. Ya ga Umar Farouk ya ɗauko samfefa mai kaushi, irin ta kankare tsatsa. Kalma ɗaya za ta ceci aikin sati uku. Ta zo masa har baki, ya mayar da ita.

"Yaya ka gani, Baba?"

"Kai ne mai ido, oga. Ci gaba."

Ƙarar kartar ta shiga masa har haƙori. Bai tashi ba.

Ran Litinin Dokta Abena ta zo, ta haska tocila a ciki, ta daɗe tana kallo. Ta ce bututun ya tashi daga aiki, wata shida za su jira wani. Sannan ta tambayi wa ya taɓa shi. Ma'aikata huɗu suka juya wajen Umar Farouk, mai shago ya bi su da ido.

Gafaru ya buɗe kwanon shinkafa da wakensa ya ci tas, ya tanɗe cokali. Sai dai da aka zo fitar da bututun, ya juya fuskarsa ga bango.