Hannun da Ke Kashe Dutse

Mai yi mana wanki ce ta kawo mini labarin, wai hannun jikata yana kashe dutse. A shagon da take koyon goge duwatsun ado, duk abin da ta taɓa sai ya fito dishi-dishi kamar idon mataccen kifi, don ita bahaguwa ce. Maigidan shagon ma ya ce in aka sake buɗe gangar da take goge duwatsun a ciki aka ga haka, ta tattara ta koma gida.

Na daɗe ina koyar da kimiyya kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni, ban taɓa cin karo da dutsen da ya san dama da hagu ba. Na ɗauki sandata na tafi.

Shagon ɗaki ne mai tsawo, ƙananan gangunan roba a jere suna juyawa a kan inji, ƙara kamar ana ruwa a kan kwano. Jikata ta nuna mini aikin. Ana zuba duwatsu a ganga da ruwa da wani baƙin gari mai kaushi, su yi ta gugar juna har kaifinsu ya mutu. Sai a wanke, a sa gari mai laushi, a sake wankewa, daga ƙarshe a sa farar hoda mai kawo sheƙi. Ƙwaya ɗaya ta baƙin garin in ta maƙale a bakin murfi ta bi su zagayen ƙarshe, ta karce su duka.

"To, ke kina wankewa kuwa?" na tambaye ta.

"Kaka, har fatar hannuna ta fara saɓulewa. Dogo ma buroshinsa ya ba ni."

Dogo shi ne babban ma'aikaci, shi aka ɗora wa koyar da ita, kuma yana da ƙanin mata da ya daɗe yana nema wa gurbi a shagon. Dogon ya zo ya rusuna, haƙora a waje.

"Iya, ba laifinta ba ne. Haka Allah ya yi wasu hannayen. Ki nema mata ɗinki."

"Ɗinkin da ƙafa ake yi, ɗana?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya wuce.

Na karɓi buroshin, tsohon buroshin haƙori ne, a ido fes. Na kakkaɓe shi a kan farin hankicina, baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo. Na murza su a jikin kwalba, suka bar zane. Kuskure yana iya jawo haka, don haka na jira. Da Dogo ya zo wanke tasa gangar, na miƙa masa buroshin. Ya janye hannu kamar na miƙo garwashi.

"A'a Iya, wannan na 'yan koyo ne." Ya zaro wani daga aljihu.

Ban kai ƙara ba. Da na kai, cewa zai yi bai lura ba, a yi masa faɗa kaɗan a wuce. Yarinyar nan kuwa har ta fara ɓoye hannunta cikin mayafi in za ta gaisa da mutane. Na saya mata sabon buroshi, na ce ta yi shiru. Tsohon na jefa a jakata, na riƙa zuwa shagon ina zama a kusurwa, tsohuwa marar aikin yi. Har kujera suka ajiye mini.

Ranar da Dogo zai sa hoda a wasu shuɗɗan duwatsu da maƙerin zobe yake jira, aka kira shi waje sauke kaya. Gangarsa tana bakin famfo a wanke. Na tashi na goge masa bakin murfin da tsohon buroshin, lungu-lungu, ban yi ha'inci ba.

Rana ɗaya aka buɗe gangunan biyu. Duwatsun jikata suka fito kamar an shafa musu mai, kana ganin fuskarka a jiki. Na Dogo kamar an tsamo su daga toka.

"Dogo, mene ne wannan?" in ji maigida.

"Ranka ya daɗe, wani ya sa mini baƙin gari."

"Ni ce na taya ka wanki," na ce, na ajiye buroshin a kan tebur. "Da wanda ka ba jikata. In yana da aibi, faɗa wa maigida, muna saurare."

Maigida ya kakkaɓe buroshin a tafin hannunsa, baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo. Sannan ya ce jikata ta koma ganga ta kusa da taga, wadda ake ba ƙwararru, Dogo kuma ya maida shuɗɗan duwatsun baya ya sake gugarsu, ya je da kansa ya yi wa maƙeri bayani.

Hannun jikata bai taɓa kashe dutse ba. Dogo ne yake tsoma buroshin cikin baƙin gari, ya ɗauraye samansa, ya ba ta.