Baitin Kande a Gidan Wanki

Jiya bayan azahar barci ya saci Sallau mai gurmi a gindin darbejiyar gidansu, ya yi wani mafarki mai ƙona rai.

Ya tsinci kansa a wani gari inda ba a rera waƙa sai an kai ta gidan wanki. Ga shi riƙe da sabon baitin da ya yi wa yayarsa Kande. Shekara uku ta yi tana aikatau a ƙetaren teku, a gidan da in ta zauna a kujera sai an wanke kujerar, wai don baƙa ce.

Wani bunsuru mai tabarau ne shugaban gidan wankin. Ya ɗaga baitin a rana, ya shinshina, ya ce kiɗan ba laifi, amma maganar ta yi baƙi da yawa. Awaki biyu suka jiƙa baitin, suka saɓe shi da sabulu, suka matse. Da aka miƙo wa Sallau, babu kujera, babu Kande, sai "ayye yaraye" kawai yana ɗigar ruwa.

"Ina yayata?" in ji Sallau.

"Ta bi kumfa," in ji bunsuru. "Yanzu ai kowa zai iya rawa."

Ran Sallau ya ɓaci har kunnuwansa suka yi zafi. Sai ga shi a dandali, ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Tun bai buɗe baki ba mutanen garin suka hau tafi, don a can ana tafi ne domin kada a ji waƙa. Marasa kunya. Ya ɗaga murya ya rera baitin da ka, yadda yake tun asali:

"Kun wanke kujera don ta zauna,
Girkin hannunta kun lashe tas,
To wa zai wanke muku ciki?"

Tafi ya mutu. Kujerun dandalin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka zubar da masu zama, suka jeru a bayansa suna amshi. Bunsuru ya rugo da bokiti yana cewa a kama mawaƙin a wanke masa harshe. Awaki suka danne shi, shi kuwa ya datse haƙora, ya ƙi buɗewa.

Ƙarar kwanuka ce ta tashe shi. Kande ke wanke-wanke a tsakar gida. Ta wanke na kowa tare, sannan ta ɗauki kofinta ta wanke shi daban, ta kife shi can gefe, kamar yadda ta saba a ƙetare, alhali a gidan ubanta take. Sallau ya tashi, ya ɗauki kofin, ya kamfato ruwa a randa ya sha.