Salo ko Salla

Tele, wato talabijin, ɗaya ce a layin masallacinmu na Zongo a Parakou, ta gidan Alhaji Saley mai goro. A cikinta aka ga Massaoudou, ɗan Malam Yaou ladan, wanda ya tafi Kwatano karatu ya ɓuge da wasan kwaikwayo. Zamanin juyin juya hali ne, kowane wasa sai da azzalumin mai kuɗi, shi kuwa aka ba wannan matsayi: Patron, mai injin gurzar auduga, ga tumbin tsumma, ga taba a baki. Da Faransanci ake wasan.

Ranar da ma'aikata suka shiga ofishinsa neman haƙƙinsu, Patron ya bugi tebur ya daka tsawa: "Salauds! Dehors!" Wato 'yan iska, ku fice.

Dehors dai kowa ya san ta, da ita ake korar talaka daga ofis. Ɗayar kalmar kuwa, da ake furta ta salo, wani daga bayan taro ya ce shi salla ya ji.

Shi ke nan. Mamuda direba, wanda bai ga wasan ba, ya loda maganar tare da doya ya kai Djougou, inda hoton ma ba ya kaiwa. Da ta tafi kalma biyu ce. Da ta dawo, wai ɗan ladan ya ce a fitar da salla daga ƙasa, a mai da masallatai siton auduga. Dattawa suka yi ta girgiza kai. Babu wanda ya tambaya wa ya ji da kunnensa, don tambaya aiki ce, girgiza kai kuwa hutu. Liman ya kira Malam Yaou ya ce ya ɗan huta da kiran salla, sai an duba. Tsoho ya koma zaure ya yi shiru.

'Yarsa Zouéra, da ke ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ba ta yi shiru ba.

"Baba, Yaya bai faɗa ba! Ina wurin!"

"Manya sun yi magana, 'yar nan."

"Manyan da ba su kalla ba?"

Ta ji za a maimaita wasan ranar Lahadi bayan la'asar. Ta san dattawa ba za su taka gidan kallo ba, girma ya hana. Sai ta roƙi Alhaji Saley aka ɗaura waya aka jawo telen har bakin ƙofa, ta fuskanci rumfar da suke zama. Kafin a gyara eriya layin ya cika, mata a kan katanga, masu tallar waina sun ajiye faranti.

Zouéra ta durƙusa gaban Liman. "Allah gafarta Malam, ba kallo za ku yi ba. Shaida za ku saurara."

Liman ya kau da fuska, amma kunnensa bai kau ba.

Sai ga Massaoudou a tele da tumbinsa. Wata tsohuwa ta yi ihu: "Wayyo, sun kumbura shi!" Ma'aikata suka shigo. Patron ya ɗaga hannu. Ya bugi tebur, kalmar ta fito.

"Kun ji!" in ji Mamuda. "Salla!"

"Salo ya ce," wani ya amsa.

"Salla!"

"Salo!"

Hayaniya ta kaure. Zouéra ta miƙe tsaye.

"Kawu Mamuda, in wani mai mota ya sha gabanka a hanyar Djougou, me kake leƙowa ka ce masa?"

"Ina ruwan mota da wannan?"

"Kowa a nan ya taɓa shiga motarka. Me kake cewa?"

Fasinjojinsa suka amsa masa baki ɗaya, har da kwaikwayon muryarsa: "Salo! Salo kawai!"

"To, Kawu, ashe duk shekarun nan salla kake tuna musu?"

Dariya ta ɓarke har wata ta kusa faɗowa daga katanga. Mamuda ya cire hula ya sake sawa. "Ni abin da aka gaya mini na kai."

"Wa ya gaya maka?"

Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu. Kowa ya shiga kallon tele.

Liman ya juyo. "Wato zagi ne?"

"Zagi ne, Malam, kuma na wasa. Mugu aka sa shi ya zama," in ji Zouéra.

"Zagi ma ba kyau," in ji Liman, yana gyara rawani. Zouéra ta buɗe baki, tana jiran a ce an yi kuskure, a ce a yafe. Ba wanda ya ce. Liman ya dubi rana kawai ya ce wa na kusa da shi, "Ina Malam Yaou? Lokacin magariba zai shige yana zaune a gida."

Haushi ya cika ta, murna ta fi shi yawa. Ta kwashi takalmanta a hannu ta zura da gudu, tana ture mutane.

"Baba! Baba, ka yi alwala!"