Kabarin da Ke Bayan Raga

Ranar farko ta sabuwar shekarar wata, gari ya waye da rana fes, amma da sanyi mai tsaga kunne. Dong-gu ya jingine babur ɗinsa na kai abinci a Seoul, ya sako mahaifiyarsa a bas zuwa dutsen da aka binne babansa. Tun da jijjifi ta shirya kayan gaisuwa a jaka: tuffa, busasshen kifi, wainar shinkafa, da kwalbar giyar da marigayin yake so.

Hanyar ƙafar da suka saba bi, sai suka tarar an datse ta da waya. Kamfanin wasan zamiya a kan ƙanƙara ya faɗaɗa, ya haɗiye gefen dutsen kaf. Tsohuwar ta zauna a benci tana murza gwiwa.

"Je ka kai kaɗai. Ka zuba masa giyar da hannu biyu, ka ce ƙafa ce ta hana ni."

A bakin kujerun da ke hawa da mutane bisa waya, wata ma'aikaciya mai jar riga ta tare shi.

"Yallaɓai, ba a hawa da takalmin gida."

"Ba wasa na zo ba, ubana na zo gaisarwa."

"Ma'aikacinmu ne?"

"Yana kwance a can tun kafin ku kafa ƙarafunan nan naku!"

Ta yi masa murmushin da aka koya mata. "Sai da allunan zamiya. Doka ce."

Haka ya yi hayar allunan da bai taɓa sa wa ƙafa ba, yana huci, ya hau kujerar ta kai shi ƙolin dutsen. Mutumin da ke ratsa motocin Seoul ko ƙifta ido ba ya yi, yau ga shi yana gangarowa da mazaunai, 'yan zamiya masu tabarau suna shawagi ta gefensa suna ihun "Matsa mana, malam!" A wata kwana allo ɗaya ya suɓuce, jakar ta fashe, tuffa suka kama hanyar gari ba sallama.

Da rarrafe ya isa ragar da ta raba filin da daji. Ga kabarin can baya, an juya masa bakin injin feso ƙanƙara, ya binne tudun har sai kan dutsen suna kawai ake gani. Ba ƙofa. Dong-gu ya durƙusa a nan, ya kai goshinsa ƙasa. Yana miƙewa zai yi ta biyu, wadda ke cika gaisuwar mamaci, wani mai gadi ya taka birkin babur ɗin ƙanƙara a bayansa.

"An hana tsayawa a nan, za a banke ka."

"Kabarin ubana ne! Ku ne kuka zo kuka same shi!"

"Ka je ofis bayan hutu," in ji mai gadin, ya cafke masa hannu ya ɗora shi a bayan babur ɗin.

A ƙasa tsohuwar ta dubi jakar da ta yage.

"Ka durƙusa masa sau biyu?"

"Sau ɗaya, Umma."

"Ɗaya ai ta masu rai ce."

Ya tsaya yana hararar kujerun da ke ta hawa. Abin da ya bari a kan dutsen: tuffa uku, kifi, kwalbar giya, safar hannu guda, da durƙuso ɗaya.